Kirarin Tagulla: Sharhi a Kan Mutum-mutumin Gandhi na Jami'ar Gana

Gabatarwa

A watan Yuni na shekarar 2016, Shugaban Ƙasar Indiya na wancan lokaci, Pranab Mukherjee, ya ziyarci Jami'ar Gana da ke Legon, inda ya buɗe mutum-mutumin Mahatma Gandhi wanda gwamnatinsa ta bayar kyauta. Bayan wata uku, wasu malaman jami'ar, cikinsu har da Farfesa Akosua Adomako Ampofo, suka rubuta takardar koke zuwa ga Majalisar Gudanarwa suna neman a kawar da shi. Hujjarsu ita ce Gandhi ya raina baƙar fata a rubuce-rubucensa na Afirka ta Kudu, kuma ba a shawarci jama'ar jami'a ba kafin a kafa shi. Aka yi ta ja-in-ja har zuwa watan Disamba na 2018, lokacin da aka ɗauke shi daga harabar jami'ar. Daga baya aka sake kafa shi a wata cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da ke birnin Akara, wadda Gana da Indiya suka gina tare, mai ɗauke da sunan Kofi Annan.

Wannan maƙala za ta ɗauki wancan mutum-mutumi tamkar yadda ɗalibin adabi yake ɗaukar waƙa ko wasan kwaikwayo. Za ta dubi jigonsa, da salonsa, da muhallin da aka ajiye shi, da kuma waɗanda aka nufa da saƙonsa. Daga nan za ta yi ƙoƙarin amsa tambayar da ta zame wa garuruwa da dama ƙarfen ƙafa: shin ya dace a girmama mutumin da tarihinsa yake da tabo ta hanyar kafa siffarsa a dandalin jama'a?

Mutum-mutumi da Kirari

Bahaushe ba ya da al'adar ƙera siffar magabata ya kafa a mararraba. Addininsa bai ba shi wannan dama ba, harshensa ma ya nuna ɗari-ɗarin da yake yi da abin, domin da wuya ya raba kalmar "mutum-mutumi" da kalmar "gunki" a zuciyarsa. Duk da haka, aikin da tagulla take yi wa wasu al'ummu, shi ne aikin da kirari da take da waƙar fada suke yi wa Bahaushe. Idan aka saurari Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ko Sarkin Taushin Katsina, za a ji yadda ake ɗauko mutum mai ci da sha da kuskure a mayar da shi giwa ko toron giwa ko dutse. Makaɗi yana zaɓen abin da zai faɗa ne, ya kambama shi, ya yi shiru a kan sauran. Haka ma maƙerin mutum-mutumi yake yi. Shi ya sa na kira wannan sana'a kirarin tagulla.

Sai dai akwai bambanci guda uku tsakanin kirarin baki da na tagulla, kuma a nan ne matsalar take. Na farko, waƙar yabo tana da kishiya, wato zambo da habaici. Wanda aka wasa a wannan fada, ana iya muzanta shi a waccan, mai sauraro kuma ya haɗa biyun ya fitar da nasa hukunci. Na biyu, kowa ya san mai waƙa da wanda ya biya shi. Babu wanda yake ɗaukar bakin maroƙi a matsayin bakin gari duka. Har Muhammadu Gambu ya yi wa ɓarayi waƙa, ba a ce jama'a sun amince da sata ba, domin mai so ya saurara, marar so ya wuce. Na uku, waƙa tana ƙarewa. Idan aka ajiye kotso, fili ya koma na kowa.

Mutum-mutumi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya jin raddi, ba ya gajiya, ba ya sauka daga kan dakalinsa. Yana tsaye a filin da yake mallakar kowa, yana magana da sunan kowa. Duk wanda ya gifta ta gabansa ya zama ɗan amshi, ko yana so ko ba ya so. Saboda haka sharaɗin da za a gindaya wa kirarin tagulla dole ne ya fi na kirarin baki tsauri.

Mutumin da Aka Ƙera da Mutumin da Aka Ɓoye

Siffar da aka kai Legon ita ce wadda duniya ta saba gani: dattijo siriri, da mayafi, da sanda a hannu. Wannan shi ne Gandhi na shekarar 1930, wanda ya taka sayyada kimanin mil 240 daga Ahmedabad zuwa gaɓar teku a Dandi domin karya dokar da ta hana Indiyawa haƙar gishirinsu. Jigon wannan siffa a fili yake: rauni yana iya rinjayar ƙarfi, mai sanda yana iya kayar da mai igwa. Ta fuskar salo kuwa, an yi amfani da dabarar da makaɗa suka sani sarai, wato a ɗauki rana ɗaya mafi kyau a rayuwar mutum a mayar da ita rayuwarsa duka.

Malaman da suka yi koke wani Gandhi suka karanta daban. Shi ne matashin lauya mai kwat da laƙataye wanda ya sauka Durban a 1893 yana ɗan shekara 23, ya zauna a Afirka ta Kudu har zuwa 1914. A 1894 ya jagoranci kafa ƙungiyar Indiyawan Natal. Ɗaya daga cikin koke-koken farko da ƙungiyar ta yi shi ne game da gidan waya na Durban, wanda yake da ƙofa biyu, ɗaya ta Turawa, ɗaya ta sauran jama'a. Abin da suka nema shi ne a raba Indiyawa da baƙar fata, ba a rushe wariyar baki ɗaya ba. A rubuce-rubucensa na wancan zamani ya yi ta kiran 'yan ƙasa da kalmar "kaffir". Bahaushe zai gane tushen wannan kalma nan take, domin daga Larabci ta fito kamar "kafiri" tamu, amma a Afirka ta Kudu ta rikiɗe ta zama zagi mafi muni da ake yi wa baƙin mutum. A 1906, lokacin da Zulu suka yi tawaye ƙarƙashin Bambatha saboda harajin fam ɗaya da aka ɗora wa kowane namiji, Gandhi ya goyi bayan gwamnatin mulkin mallaka, ya jagoranci ƙaramar rundunar masu ɗaukar waɗanda aka jikkata, da muƙamin samanja. An kashe dubban Zulu a wannan yaƙi. A 1908, da aka ɗaure shi, ya koka da cewa an haɗa fursunoni Indiyawa da baƙar fata a aji ɗaya.

Masu kare shi suna da tasu hujjar, kuma ba ta wofi ba ce. Sun ce yawancin waɗanda rundunar tasa ta yi jinya a 1906 Zulu ne waɗanda Turawa suka ƙi taɓawa. Sun ce ra'ayinsa ya sauya da shekaru, har shugabannin baƙar fata na Amurka irin su Howard Thurman suka je Indiya suka gana da shi a 1936. Sun ce Kwame Nkrumah da kansa ya ɗauki darasi daga gare shi a gwagwarmayar lumana da ya ƙaddamar a watan Janairu na 1950, kamar yadda Martin Luther King ya yi daga baya. Nelson Mandela ma ya yi kira da a auna Gandhi da ma'aunin zamaninsa. A nan gida, sanannen abu ne cewa Malam Aminu Kano yana cikin masu sha'awar tafarkinsa. Mutumin da aka harbe a ranar 30 ga Janairu, 1948, saboda ana ganin ya cika tausaya wa Musulmin Indiya, ya wuce a taƙaita shi da kalma ɗaya da ya rubuta yana saurayi.

Duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa. Abin da ya gaza shi ne tagulla. Littafi yana da babi na ɗaya da na goma, yana iya cewa "da farko" da "daga baya". Mutum-mutumi lokaci ɗaya tak yake da shi. Ba zai iya nuna mutumin da ya fara da raini ya ƙare da nadama ba, alhali wannan sauyi shi ne abu mafi amfani ga ɗalibi a rayuwar Gandhi.

Ma'auni Huɗu

Hausawa sun ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Da za a ce sai marar aibi za a girmama, da babu sunan da zai saura a kan titi ko makaranta ko takardar kuɗi. Amma wannan karin magana bai ce tara da ɗaya duk ɗaya ne ba. Ana bukatar ma'auni, kuma a ganina guda huɗu ne.

Ma'auni na farko shi ne alaƙar aibin da aikin da ake yabo. Akwai wanda aibinsa yake gefe da aikinsa, akwai wanda aibinsa shi ne aikin. Edward Colston ya tara dukiya a kamfanin cinikin bayi na masarautar Ingila, har ya zama mataimakin gwamnan kamfanin a 1689. An ƙiyasta cewa a shekarun da yake ciki kamfanin ya kwashi 'yan Afirka kimanin 84,000, kusan 19,000 daga cikinsu suka mutu a hanya. Sadakar da birnin Bristol yake yaba masa da ita tana da jinin waɗannan mutane a jikinta. Haka nan Cecil Rhodes, wanda Jami'ar Cape Town ta kafa wa mutum-mutumi a 1934 saboda filin da ya bari aka gina ta. Ƙwace ƙasa da ma'adinai da ƙuntata wa baƙar fata su ne suka ba shi abin da ya bayar. Da ɗalibai suka tayar da ƙayar baya a watan Maris na 2015, aka ɗauke shi ranar 9 ga Afrilu. A irin waɗannan, ba yadda za a yabi kyautar ba tare da an yabi fashin ba. Gandhi ya tsallake wannan ma'auni, domin ana girmama shi ne saboda yaƙar mulkin mallaka, ba saboda abin da ya rubuta a Durban ba.

Ma'auni na biyu shi ne mai kafawa da manufarsa. Mutane da yawa suna zaton mutum-mutumi shaida ce daga zamanin mai siffar, alhali sau da yawa shaida ce a kan zamanin masu kafawa. Colston ya mutu a 1721, amma sai a 1895 attajiran Bristol suka kafa siffarsa, bayan shekara 174, domin su samar wa garinsu gwarzon da ya yi kama da su. Na Legon kuwa kyautar diflomasiyya ce, gwamnati ta ba gwamnati, a daidai lokacin da Indiya take neman kasuwa da ƙawance a Afirka. Ba laifi ba ne ƙasa ta tallata gwarzonta. Amma kirarin da baƙo ya zo da shi a jakarsa, ya rera a tsakar gidan wani ba tare da sallama da mutanen gidan ba, da wuya ya sami 'yan amshi.

Ma'auni na uku shi ne muhalli. A birnin Pietermaritzburg akwai mutum-mutumin Gandhi da aka kafa a 1993, shekara 100 bayan daren da aka fitar da shi daga jirgin ƙasa a tashar garin saboda launin fatarsa. A can siffar tana da tushe, domin ƙasar da take tsaye a kai ta ga abin da ya faru. Gandhi bai taɓa taka Afirka ta Yamma ba. A Legon siffarsa ba ta tuna wa kowa komai da ya faru a wurin. Masu koke sun ƙara da cewa harabar jami'ar ba ta da irin wannan girmamawa ga gwarazan Afirka. Ke nan baƙo aka ba shimfiɗar da ba a taɓa yi wa masu gida ba.

Ma'auni na huɗu shi ne waɗanda za su riƙa wucewa ta gabansa kullum. Aibin Gandhi bai shafi kowa ba kamar yadda ya shafi baƙar fata, kuma su ne aka ce su ɗaga kai su dube shi safe da yamma a hanyarsu ta zuwa ɗakin karatu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da mutumin Delhi zai iya yafewa cikin sauƙi, ba a da ikon tilasta wa ɗan Legon ya yafe.

Bisa wannan awo, mutum-mutumin Legon ya ci ɗaya ya faɗi uku. Saboda haka kawar da shi daga harabar jami'a daidai ne, kuma mayar da shi cibiyar da Indiya take da hannu a gininta ya fi farfasa shi hikima. Hukuncin da aka yanke a kan wurin ne da hanyar da aka bi, tarihin Gandhi kuwa yana nan a ɗakin karatu ga mai son ya auna shi da kansa.

Laifi Tudu Ne

Sukar Bature da Ba'indiye abu ne mai sauƙi. Gwajin gaskiya shi ne a ɗora namu a kan ma'aunin. Duk wanda ya san tsibirin Legas ya san Dandalin Tinubu da siffar Madam Efunroye Tinubu da ke cikinsa. Ana tuna ta a matsayin hamshaƙiyar 'yar kasuwa wadda ta ja da ƙaramin jakadan Ingila har aka kore ta daga Legas a 1856, ta koma Abekuta ta taimaka da makamai wajen korar mayaƙan Dahome, aka naɗa ta Iyalode. Amma wani ɓangare na dukiyarta daga cinikin bayi ya fito. Wannan batu ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin kakanninsa suna cikin waɗanda aka riƙa fitarwa ta wannan gaɓa. Hausawan da suka shirya tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807 da 1814 ta irin waɗannan tashoshi aka bi da su, kuma rundunar da Gwamna Glover ya kafa a Legas a 1863 da bayi Hausawa masu gudu aka fara ta.

To, kafin mu nuna yatsa, sai mu ƙarasa Iganmu, inda siffar Sarauniya Amina ta Zazzau take bisa doki a harabar Gidan Wasannin Ƙasa. Muna alfahari da ita, kuma da dalili. Amma kundin tarihin sarakunan Kano, wanda yake cikin tsofaffin madogarai game da ita, ya ambaci cewa Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Waɗannan mutum 40 suna da iyaye da garuruwa. Abin da Bazazzagi yake kira buɗe ƙasa, Banufe yana iya kiransa da wani suna. Haka kuma rashin tagulla a garuruwanmu bai wanke mu ba, domin muna yin aikinta da sunayen tituna da zauruka da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma tarihin bauta a ƙasar Hausa har zuwa farkon ƙarni na 20 ba ɓoyayyen abu ba ne. Wanda ya yi murna da faɗuwar Colston, ya kuma fusata idan aka taɓa nasa gwarzo, ba zalunci yake ƙi ba, baƙo yake ƙi.

Darasi Daga Siffa Marar Kai

Abin sha'awa shi ne, Gana ta riga ta samar da amsa mafi kyau tun kafin rigimar Legon. A 1958 aka kafa wa Nkrumah mutum-mutumi a gaban majalisar dokoki, yana raye, yana kan mulki. A wannan shekara ce kuma aka zartar da dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, wadda a ƙarƙashinta J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Da sojoji da 'yan sanda suka yi juyin mulki ranar 24 ga Fabrairu, 1966, aka tumɓuke siffar. Bayan shekaru, ra'ayin jama'a ya sake juyawa, aka buɗe masa makeken dandalin tunawa a Akara a 1992. A cikin wannan dandali an ajiye siffarsa da aka sare wa kai, ga gangar jiki a tsaye, ga kan a gefe a kan nasa dakali. Ba a liƙe su ba.

A ra'ayina wannan siffa marar kai ta fi dukkan lafiyayyun siffofinsa gaskiya, domin ita kaɗai ce ta haɗa yabo da zambo a jiki ɗaya. Mai kallo yana ganin soyayyar 1958, da fushin 1966, da sulhun 1992, a lokaci guda. Mutanen Bristol ma irin wannan hanya suka bi. Bayan da masu zanga-zanga suka jefa Colston cikin ruwa ranar 7 ga Yuni, 2020, an tsamo shi aka kai gidan tarihi, aka kwantar da shi da fentin da aka shafa masa, tare da bayanin abin da ya aikata. A kwance yana koyar da abin da bai koyar ba a shekara 125 da ya yi a tsaye. Wannan ya isa amsa ga masu cewa sauke mutum-mutumi shafe tarihi ne. Dakali wurin girmamawa ne, gidan tarihi wurin bayani, kuma ɗauke mutum daga na farko zuwa na biyu ƙarin ilimi ne ga jama'a.

Kammalawa

Wannan sharhi ya nuna cewa mai tabo yana iya cancantar girmamawa, matuƙar ba tabon ake girmamawa ba, kuma jama'ar wurin ne suka zaɓe shi, wurin yana da alaƙa da shi, sannan ba a tilasta wa waɗanda ya cuta su zame masa 'yan amshi ba. Inda aka bar siffa a tsaye, wajibi ne a rubuta tara ɗin da ya cika da ɗayan da ya rasa a jikin dakalinta, cikin harshen da mutanen gari suke karantawa.

Akwai kuma aiki a nan ga matasan marubutanmu. Abin da tagulla ta kasa, alƙalami yana iyawa. Ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo suna da sararin da za su nuna jarumi da tsoronsa, mai kyauta da inda ya samo abin kyautar, sarauniya da bawan da aka aika mata. Adabinmu ya daɗe yana da gwanayen kirari. Abin da yake nema yanzu shi ne marubutan da za su ba ɗaya daga cikin babannin nan 40 suna da gari da murya, su bar mai karatu ya yanke wa Amina hukunci bayan ya ji daga bakin kowa.